Zare: wai me muke nufi in mun ce "fim ɗin nan ya yi kyau"?

1/
Duk ranar da sabon fim ya fito, ko aka saki sabon zango a YouTube, na san abin da zan tarar a nan. Ɓangare ɗaya: "Masha Allah, akwai darasi sosai." Ɗaya ɓangaren: "Kai, an kashe kuɗi, ku ga kyamara!" Sai a yi ta kai-komo har data ta ƙare, kowa ya tafi da nasa.

2/
Ina aji uku a jami'a, fim nake karanta. Eh, ana karanta shi, har da jarrabawa da faɗuwa 😂 Zaren nan dogo ne, wanda ke kan hanya ya ajiye shi sai ya zauna. Ra'ayina ne, ba fatawa ba.

3/
Ni a wurina darasi da kyamara duk ba su isa zama ma'auni ba. Huɗubar Juma'a tana da darasi, kuma ta fi kowane fim iya bayar da shi. Tallan kamfanin waya da kyamara mai tsada ake ɗaukarsa. Ba wanda ya taɓa kiran ɗayansu fim mai kyau. Tambayar da nake yi wa fim ita ce: wane aiki ka bar mini in yi da kaina?

4/
Bari in fara da abin da ake fara koya mana. Wajen 1920, wani ɗan fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar wani jarumi mai suna Ivan Mozzhukhin. Fuska ce kawai a sake, ba fara'a ba ɓacin rai. Sai ya haɗa ta da hotuna uku daban-daban: kwanon miya, yarinya a cikin akwatin gawa, da mace a kishingiɗe.

5/
Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, masu kallo suka yi ta yabon jarumin. Wai ku ga yunwa a idonsa, ku ga baƙin ciki, ku ga bege. Alhali fuska ɗaya ce aka maimaita sau uku. Yunwar da baƙin cikin duk masu kallo ne suka zo da abinsu daga gida.

6/
To a nan sana'ar take. A ajiye maka abu biyu kusa da juna, kai ka ƙulla su. Abin da ka ƙulla da kanka kuwa yana zama a kai, kamar lissafin da ka warware da hannunka. Wanda ka kwafa daga littafin na kusa da kai, kafin a tashi ya gudu.

7/
Zangon karatun da ya wuce malaminmu ya ba mu aiki: fim na minti 3, da waya, kada kowa ya yi magana a ciki, kada a ɗora kiɗa, kada a yi rubutu a allo. Jigo: bashi. Aji ya kaure. "Malam, ta yaya za a san bashi ne in ba a faɗa ba?" Ya ce wannan kuma matsalarku ce, ya tattara takardunsa ya fita.

8/
Ga abin da wata ƙawata ta kawo. Mata tana tankaɗe a tsakar gida, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, ɗanta na wasa da murfin kwano. Aka buga ƙyaure. Hannunta ya tsaya cak. Aka sake bugawa. Ta miƙa hannu a hankali ta kashe rediyon. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, ta rufe masa da tafin hannu, gari ya shafe masa rabin fuska.

9/
Ta ƙarƙashin ƙyauren ana hango ƙafafu cikin silifas, a tsaye. Suka daɗe a nan. Suka juya. Ita kuma ba ta sake kunna rediyon ba har fim ya ƙare.

Ajinmu mai surutun tsiya ya yi tsit. Don kusan kowa a ciki ya taɓa zama yaron nan, ko ya taɓa zama wanda aka tura zaure ya ce "wai ba ta nan".

10/
Yanzu ku tuna yadda aka saba nuna mana. Matar za ta zauna a falo ta dubi ƙawarta: "Ke dai bari, kin san Hajiya tana bina naira dubu 40 tun watan azumi, kuma kin san maigidana ba ya aiki tunda aka sallame shi..." Ƙawar ta sani mana. Tare suka je karɓo kuɗin! Mu ake faɗa wa, don an ɗauka in ba a tauna an sa mana a baki ba, ba za mu iya haɗiya ba.

11/
Fim ɗin da nake so mu ɗan zauna a kansa shi ne Children of Heaven, na Majid Majidi, ɗan Iran, 1997. Zan ba da labarin har ƙarshe, wanda bai kalla ba ya yafe ni. Sanin ƙarshen ba ya hana shi kama mutum, sau biyar na gwada.

12/
Labarin kaf a kan takalmi ne. Ali, ɗan talakawa a birnin Tehran, ya karɓo takalmin ƙanwarsa Zahra daga wurin mai gyara. Ya tsaya sayen dankali, ya cusa ledar takalmin tsakanin akwatunan mai kayan miya. Mai kwasar shara ya zo ya haɗa da ita ya wuce. Shi ke nan fa. Ba kisa, ba rabon gado, ba kishiya, ba boka.

13/
Da dare suna ɗaki ɗaya su duka. Iyayen na tattauna damuwarsu, ciwon uwar da halin da gidan ke ciki. Yaran na zaune kamar suna aikin makaranta, ashe rubutu suke wa juna a littafi suna turawa. Ita tana tambayar yadda za ta je makaranta gobe, shi yana lallaɓa ta kada ta faɗa wa Baba. Daga ƙarshe ya tura mata fensirinsa, toshiyar baki.

14/
Ku lura da abin da aka yi a nan. Idonka yana kan abin da yaran suka kasa faɗa da baki. Kunnenka kuma yana jin dalilin da ya sa ba za su iya faɗa ba. Ba wanda ya tsaya ya ce "mu talakawa ne". Kai ka haɗa biyun, kai ka ji nauyin.

15/
Dabarar da suka yi: ita makarantar safe take, shi ta rana. Sai su riƙa karɓa-karɓa da tsohon kambas ɗinsa. Ana tashinsu ta zuba da gudu, su haɗu a lungu, ta cire ya saka, shi ma ya zuba da gudu, kullum a makare.

Wata rana wari ɗaya ya suɓuce mata, don ya yi mata yawa, ya faɗa kwata, ruwa ya ja shi. Tana binsa tana gudu. Wallahi na ga fina-finan da aka tarwatsa gari guda da bam ban ji faɗuwar gaban da na ji a kan wannan warin takalmin ba.

16/
Dalili kuwa ba boyayye ba ne. An riga an sa na san kuɗin takalmin nan a rayuwarsu. In ya tafi, yara biyu ne ba makaranta, ga dukan da ke jiransu, ga uban da ba shi da na sayen wani. Garin da aka tarwatsa kuwa ban san kowa a cikinsa ba.

17/
Sai wurin da ya fi tsaya mini. Zahra ta hango takalminta a ƙafar wata yarinya a makaranta. Ta bi ta har ta ga gidan, ta ɗauko Ali, suka laɓe suna jiran su karɓi abinsu. Ƙofa ta buɗe, yarinyar ta fito da babanta. Makaho ne, da ɗan kayan tallarsa.

Yaran suka kalli juna. Suka juya suka tafi gida.

18/
Ba su ce uffan ba. Ba a kawo wani dattijo ya yi mana bayanin tausayi ba. Amma duk wanda ya kalli wurin nan ya san an yi masa nasiha, kuma ta shiga.

19/
Masu neman faɗakarwa, ga taku. Akwai inda uban ke zaune yana fasa dunƙulen sukari, tuli a gabansa. Zahra ta kawo masa shayi, ya nemi sukari. Ta nuna masa ai ga shi nan a gabansa. Ya ce a'a, wannan na masallaci ne, amana aka ba shi, a ɗebo na gida. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka wuce.

Mutumin da ake binsa kuɗin haya ke nan. Yanzu kun gane inda yaran suka koyo abin da suka yi a ƙofar gidan makaho? Fim ɗin bai ce ku haɗa ba. Ya ajiye muku ne kawai.

20/
Ƙarshe: an shirya gasar tsere ta 'yan makaranta. Kyautar na uku akwai takalmi a ciki. Ali ya roƙi malami har da hawaye a sa shi, ya yi wa Zahra alkawarin zai zo na uku. Na uku fa, ba na ɗaya ba.

Aka yi gudu, aka cakuɗe a kusa da layi, ya zo na ɗaya.

21/
Ana ɗaga shi sama, ana ba shi kofi, mai hoto na cewa ya ɗago kai, yaro kuwa idonsa na kan takalmin da aka ajiye wa na uku. Duk wanda ke wurin murna yake. Mu kaɗai muka san ya faɗi. Wannan sanin da aka ba mu aka hana mutanen cikin fim, shi ke matse maƙogwaro.

22/
Ya koma gida, Zahra ta kalli fuskarsa ta gane, ta shige. Sai aka ɗan nuna mana uban a kasuwa yana ɗaure kaya a bayan keke, cikin kayan ana hango sababbin takalma. Na ɗan lokaci kaɗan, in ka duba waya ya wuce ka. Ali ya cire kambas ɗin da ya gama yagewa, ya tsoma ƙafafunsa da suka yi bororo a ruwan tsakar gida, jajayen kifaye suka kewaye su. Fim ya ƙare.

23/
Ba a nuna mana isowar uban ba. Ba rungume-rungume, ba kuka, ba "Alhamdulillahi Baba ya sayo mana". Wannan fitowar a kanka za ka ɗauke ta, kuma taka ta fi duk wadda Majidi zai iya ɗauka, don da fuskar naka uban za ka yi ta.

24/
Kuɗin da aka kashe a fim ɗin bai kai dala dubu 200 ba. Shi ne fim ɗin Iran na farko da ya shiga jerin 'yan takarar Oscar, a bikin 1999, inda Life Is Beautiful na Italiya ya ɗauke kyautar. Na kawo wannan ne saboda masu cewa sai da biliyan.

25/
Na san abin da wani zai rubuto: "Malama, wannan Iran ce. Mu Hausawa mutanen magana ne, 'yan kallonmu sai an yi musu bayani."

Haba dai. Mu?

26/
Mu da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Mu da mace za ta shekara 30 da miji ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yarinya a tambaye ta ko tana son wane, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, iyaye su ce to an gama. Uwargida ta aika wa amarya tuwo, daga yawan man da ke kan miyar kowa a gidan ya san ko ana shiri ko ba a yi.

27/
Kunya, kawaici, kara, habaici, gugar zana. Rayuwarmu gaba ɗaya karatun abin da ba a faɗa ba ce. Yaro ɗan shekara 6 yana gane kallon da mamarsa ta yi masa a gaban baƙi, ya ajiye naman da ya ɗauka. A ce mutanen nan ne ba za su gane shiru a allo ba? Raini ne kawai.

28/
Kuma ba cewa nake a daina magana a fim ba. Magana mai daɗi ita ce wadda abin da aka faɗa daban, abin da ake nufi daban. Suruka ta shigo ta ce, "Sannu da hutawa, amarya." Ƙarfe 11 na safe, wanke-wanke jibge a bakin rijiya. Kalma huɗu, an gama yaƙi. Marubucin da ya saurari gidansu da kyau ba ya rasa irin waɗannan.

29/
Hujja ta biyu: mun daɗe muna son irin wannan fim ɗin, ba mu dai sa masa suna ba. Sholay, 1975. Iyayenmu sun haddace shi. Tambayi duk wanda ya kalla ya ba ka labarin soyayyar Amita da Jaya a ciki. Bazawara cikin fararen kaya tana bin fitilun baranda tana rage su ɗaya bayan ɗaya da magariba, shi yana zaune can ƙasa yana busa ɗan abin busarsa. Kalma nawa suka yi wa juna a duk fim ɗin? Amma ba wanda bai gane ba.

30/
A dai Sholay, ranar da Gabbar ya kashe iyalan Thakur. Saura ƙaramin jika, yana tsaye yana kallonsa, lilo na ta ƙara a iska. Gabbar ya saita bindiga. Sai aka yanke, aka kai mu kan jirgin ƙasa yana huci a tasha. Ba mu ga harbin ba. Shekara 50 ke nan mutane na rantsuwa sun gani.

31/
Abin da ke ba ni haushi da wasu fassarorin Indiya-Hausa ke nan. Ina kallonsu, ina dariya, ba ƙarya. Amma da zarar an zo wurin da darakta ya bar shiru da gangan, sai mai fassara ya ga kamar rami ne a titi, ya cike shi da barkwanci.

32/
Wanda yake son misali daga kusa da gida ya nemi Timbuktu na Abderrahmane Sissako, ɗan Muritaniya, 2014. Masu bindiga sun kama gari sun haramta ƙwallo. Sai ga samari a fili suna buga wasa ba ƙwallon. Suna ba juna, suna yanka, mai tsaron gida na yin tsalle, ana murnar ci. Masu bindiga suka zo wucewa a babur, yara suka koma kamar motsa jiki suke. Suna wucewa aka ci gaba.

Rubuta maƙala shafi 20 a kan zalunci, ba za ta kai wannan fitowar ba.

33/
Yanzu 'yan "ku ga kyamara". Na ga kyamarar. Na ga an tashi jirgin ɗaukar hoto ya zagaya saman unguwa. Mota ta zo, ta yi hon. Maigadi ya fito, ya leƙa, ya koma, ya buɗe ƙofa ɗaya, ya buɗe ta biyu. Mota ta shiga, ta yi fakin. Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga. Minti 3. Me na sani yanzu wanda ban sani ba ɗazu? Alhaji yana da mota.

34/
In maigadin nan zai buɗe ƙofar ne a hankali yau saboda wata uku ba a biya shi ba, kuma Alhaji ya kauce wa idonsa, to a bar mini minti ukun, har a ƙara. Tsawo ba laifi ba ne in akwai abin da ke faruwa a cikinsa.

35/
Game da kayan aiki: lokacin da Spielberg ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, ƙaton kifin roba mai inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri. Dole ya rage nuna shi. Sai ya koma nuna ƙafafun masu iyo daga ƙasan ruwa, da durom-durom masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman teku, da kiɗan John Williams mai sauti biyu tak. An fi awa guda kafin a ga kifin sosai. Lalacewar injin ce ta gyara fim ɗin.

36/
Walter Murch, wanda ya tace The English Patient, ya jera abubuwa shida da mai tace fim zai duba kafin ya yanke hoto, har da maki. Abin da mai kallo zai ji a ransa: kashi 51. Ci gaban labari: 23. Tafiyar lokaci, wato saurin yanka da jinkirinsa: 10. Sauran ukun, duk ƙa'idojin inda ido ke kallo da tsayuwar mutane a fili, su suka raba 16 ɗin da ya rage.

Mu kuma a nan kan 16 ɗin muke faɗa, ko ma kan abin da bai shiga lissafin ba, irin motar da jarumi ya hau.

37/
In dai za a kashe kuɗi, don Allah a kashe a sauti. Ido yana da haƙuri, kunne ba shi da shi. Mutum zai kalli hoto mai ɗan duhu awa biyu, amma minti 5 na muryar da ke amsa-kuwwa a falon tayil, da janareto na gurnani a baya, ya isa ya danna gaba. Makirfo mai kyau da labule mai kauri ba su kai kuɗin hayar jirgin ɗaukar hoto ba.

38/
Da kiɗan tausayin nan da ake kunnawa tun kafin a faɗi mutuwar. Ka ji shi ka san yanzu ake so ka yi kuka. Ni kuwa da na ji umarni sai hawayen su koma.

39/
Waƙa fa? Ba na cikin masu cewa a cire ta. A al'adar da budurwa ba za ta dubi saurayi ta faɗi abin da ke ranta ba, waƙa ce ƙofar da aka bar wa zuciya. In ta zo a daidai inda baki ya kasa, tana aiki. In an saka ta ne don an riga an biya mawaƙi kuma an ɗinka kaya kala shida, kowa na ganewa, lokacin ake tashi ɗebo ruwa.

40/
A yi adalci kuma. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, satar fasaha da masu turi a waya sun gama da ita. Yanzu mai fim yana rayuwa ne da YouTube da tashoshin talabijin, inda ake son sabon kashi duk mako kuma tsawo yana da kuɗi. Wanda aka ce ya kawo minti 45 kowace Juma'a, labarin da ke hannunsa kuma na minti 20 ne, dole maigadi ya buɗe ƙofa biyu. Ba duka rashin iyawa ba ne, wani abin cin abinci ne.

41/
Wannan ɗin yana hana ni barci, don kasuwar da ke jirana ke nan. Kawuna ya taɓa tare ni a gidan suna: "Ke yanzu shekara huɗu za ki yi kina koyon kallon fim?" Aka yi dariya, na yi. Amma tambayar da ta fi tasa zafi tana gaba: ranar da furodusa zai dubi fitowar da na fi so, wadda ba magana a ciki, ya ce, "Hajiya, a sa su yi bayani, kuma a ja ta ta kai minti 6." Kuɗinsa ne. Ni kuma ina son aikin.

42/
Abin da nake riƙe da shi shi ne ba yau muka fara ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, 1972. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, daga nan masana'anta guda ta tashi ba tallafin kowa. A 2024 Mai Martaba Najeriya ta tura takarar Oscar.

43/
'Yan wasa kuwa muna da su. Marigayi Ibro yana shigowa fitowa, kafin ya buɗe baki an fara dariya. Tafiyar, kallon, yadda zai tsaya jim kamar yana lissafin ƙaryar da zai yi. Wannan ba a koyar da shi a aji. Akwai iyaye mata a fina-finanmu da kallo ɗaya suke gama fitowa, in an bar kyamara a kansu daƙiƙa 5 ba a yanke an koma kan mai surutu ba.

44/
Ga gwajin da muke yi a hostel, ku ma ku gwada yau. Ɗauki fim ɗin da kake so, kashe sautin minti 5. Ka gane wa ke son wani abu, wa ke hana shi, wa ke jin tsoron wa? Sannan mayar da sautin, kife wayar, saurara minti 5. In ba abin da ya wuce ka, wasan kwaikwayon rediyo aka sa wa hoto.

45/
Aikina na kammala karatu a kan shiru ne a fina-finan Hausa, kuma misalai nake tarawa. Duk wanda ya tuna wata fitowa, tsohon fim ko sabo, inda ba a ce komai ba amma ya ji ta har ƙashi, ya ajiye mini sunan fim ɗin a ƙasa. In da hali har da mintin, don datata ba ta kai in kalli zango 9 ina nema ba 🙏